An Ce Sai An Yi Aiki, Kuɗin Kuma Babu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗin Tiyata

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san wannan lokacin. Likita ya gama duba hoto, ya ɗago kai ya ce, "Sai an yi aiki." Kafin ka tambayi ko aikin yana da haɗari, zuciyarka ta riga ta koma gida tana ƙirga abin da za a iya sayarwa. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu jinya ke yi wa juna a kan tabarma a barandar asibiti, da waɗanda ake jin nauyin yi wa likita. Akasarin bayanin a kan Najeriya yake, sai inda Nijar ko Gana suka shigo.

Me ya sa tiyata ke karya gida fiye da sauran jinya?

Saboda a dunƙule take zuwa, kuma ba ta yin sallama. Mai hawan jini ko ciwon suga yana sayen magani kati-kati, yau kaɗan gobe kaɗan, wata rana ma ya tsallake. Aiki kuwa ba a yin rabinsa. Ko dai kuɗi ya cika a shiga da mara lafiya, ko a ci gaba da zama a benci. Ga shi ayyukan da suka fi yawa a wajenmu na gaggawa ne: haihuwar da ta gagara, hanjin da taifot ya huda, afendis, ƙabar da ta shaƙe, karayar haɗarin babur.

A 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto kan tiyata a duniya. Ya ce mutum biliyan 5 ba su da halin samun aiki mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙatarsa. Ya kuma ce duk shekara mutum miliyan 33 ne kuɗin aiki da na allurar barci ke durƙusar da gidajensu, sannan wasu miliyan 48 abin da ke kayar da su kuɗin mota ne da abinci da masauki, ba ma kuɗin likita ba.

Ɗaya daga cikin ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, idan jinya ta cinye sama da kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke samu ko kashewa, to ta zama masifa ga gidan. Mu yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A shekara naira 840,000 ke nan, kashi 10 ɗinsa 84,000. Wanda ya shiga asibiti kwanan nan ya san cewa aikin da za a buɗe cikin mutum, a kwantar da shi, a sallame shi a ƙasa da wannan kuɗin, sai an tona. Kuma wannan lissafin mai albashi ne. Manomi da ɗan garuwa da mai tura baro ba su ma shigo ba.

Idan an faɗa mana kuɗin aiki, shi ke nan abin da za mu biya?

Ina! Wannan dai shi ne babban dutsen, amma akwai tsakuwa da yawa a gefensa. Kafin aiki akwai kati, gwajin jini, hoton ciki ko na ƙirji, wani lokacin da gwajin zuciya idan mutum ya manyanta. Akwai jinin da za a ce a tanada. Bayan aiki akwai kuɗin gado na kowace kwana, ruwan da ake ƙarawa, alluran kashe ƙwayoyin cuta, maganin ciwo, da wankin ciwo.

Sannan akwai 'yar takardar nan. Daren da aka shiga da kawuna, wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini guntuwar takarda da rubutu har baya: safar hannu, zaren ɗinki, auduga, filasta, robar fitsari da jakarta, sirinji, ledar ruwa. Kantin maganin asibitin yana da rabi, rabin kuma sai na tsallaka titi zuwa kemis. Mai kemis ɗin bai ko tambaye ni ba, yana ganin takardar ya fara sauko da kaya, don ya haddace ta. Na dawo da leda biyu a hannu, ban zauna ba aka sake miƙo wata takardar.

Abin da ba ya shiga rasit kuma shi ne ya fi cin mutum a hankali. Shatar mota daga ƙauye. Abincin masu jinya, sau uku a rana, a garin da ba naka ba. Shagon da aka rufe mako biyu. Gonar da ciyawa ta cinye saboda mai ita yana kwance, ɗansa kuma yana zaune a gefen gado.

Don haka idan an faɗi kuɗi, a tambaya dalla-dalla: wannan ya haɗa da kayan aiki? Da magungunan bayan aiki? Da gado na kwana nawa? Babu rashin kunya a cikin wannan tambayar, kuma likitoci da yawa sun fi son a yi ta tun da wuri.

Asibitin gwamnati ne fa. Ba kyauta ya kamata a yi ba?

Dattawa suna ba da labarin zamanin da ake zuwa asibiti a ba ka magani har da abinci ba ka biya ko kwabo ba, kuma ba ƙarya suke yi ba. Abin ya fara sauyawa ne da faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980, sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da majinyaci zai riƙa biyan wani abu, a juya kuɗin a sake sayo magani. Daga nan biya kafin a duba ka ya zauna da gindinsa. A Gana har suna suka sa wa tsarin, mai nufin biya ka ɗauka, kamar a kanti.

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Najeriya da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Sakamakon shi ne sama da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Gwamnati na biyan albashin likita da ginin, shi ya sa asibitinta ya fi na kuɗi sauƙi. Zare da iskar shaƙa da man janareto kuwa, kai ne.

Me ya sa kuɗin ya yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan?

Kusan duk abin da ake taɓa mara lafiya da shi a ɗakin tiyata da dala ake sayo shi, ko shi ko kayan haɗa shi. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta sama da sau uku ga masu rukunin A, wato layukan da aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawa, inda manyan asibitoci da yawa suke. Kamfanin magani na GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, wasu magungunansa suka yi tsada suka yi wuya.

Ga kuma ƙarancin hannu. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Idan likitan tiyata ɗaya ne a asibiti, layi zai yi tsawo, wanda ya gaji da jira kuma sai ya nufi asibitin kuɗi.

An kawo mara lafiya cikin gaggawa, an ce sai mun ajiye kafin alƙalami. Doka ta yarda da haka?

Ba ta yarda ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ma'aikacin lafiya ko asibiti ba shi da ikon hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri, likitan da ke tsaye a gabanka ƙarfe biyu na dare sau da yawa ba mugu ba ne, kabad ɗinsa ne babu komai a ciki. Ihu da zagi ba sa samar da zare. Abin da ya fi aiki shi ne a nemi babban likitan da ke bakin aiki ko shugabar ma'aikatan jinya, a ce musu ga abin da ke hannu yanzu, sauran a rubuta za a cika. Asibitocin koyarwa da na tarayya suna da sashen walwalar marasa lafiya, wanda ke bincika halin mutum ya nema masa sassauci ko rangwame. Mutane da yawa suna gama jinyarsu ba su san da ofishin ba. Akwai kuma teburin SERVICOM na kai ƙorafi. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, kuma kada a miƙa kuɗi a hannun wani a lungu don ya ce zai gaggauta maka.

Za a iya tsare mutum a asibiti don bai cika kuɗi ba?

Ana yi, a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka da Asiya, musamman ga matan da aka yi wa aikin haihuwa. Cibiyar Chatham House ta Landan ta yi rahoto a kai a 2017. Bashi dai bashi ne, asibiti na da haƙƙin neman kuɗinsa, amma tsare mutum ba tare da umarnin kotu ba tauye 'yancinsa ne. Abin takaicin ma, kowace kwana da aka ƙara kuɗin gado na ƙaruwa. A nemi a rubuta yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, da wani mai mutunci ya tsaya. Idan abin ya ƙi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi.

Na ji an ce aikin haihuwa ya zama kyauta. Gaskiya ne?

A Nuwamban 2024 Minista Pate ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin ciro jariri kyauta, a ƙarƙashin shirin rage mutuwar mata wajen haihuwa, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ce ke biyan asibitocin. Amma ba kowane asibiti ba ne, sai waɗanda aka sa cikin shirin. Saboda haka tun ana zuwa awo ya kamata maigida ya tambaya: wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin shirin, kuma me ake buƙata? Ranar da naƙuda ta tsaya ba ranar wannan binciken ba ce.

Maƙwabtanmu sun riga mu. Nijar ta mayar da aikin haihuwa kyauta tun 2005, ta ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta sa kula da masu ciki kyauta a 2008. Darasin da aka koya a Nijar shi ne, idan gwamnati ta yi jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai kayan aiki su ƙare, sai a koma rubuta wa mutane takarda su je kemis. Kyauta a bakin gwamnati ba ta hana ka tanadin kuɗin mota da na jini da na abin da ba a rasa ba.

Wata magana kuma da ba ta kuɗi ba ce amma tana jawo kuɗi: sa hannu. Mace na kwance tana jijjiga ko zubar da jini, a ce sai an jira mijinta ya dawo daga kasuwar ƙauye, ko sai an shawarci uwar miji. Kowace sa'a da ta wuce tana ƙara ledar jini, tana ƙara kwanakin gado, wani lokacin ta bar mace da yoyon fitsari.

Akwai ayyukan da ake yi kyauta da gaske?

Akwai. Aikin yoyon fitsari kyauta ne a cibiyoyin tarayya na Babbar Ruga a Katsina da Ningi a Bauchi da Abakaliki, haka ma a Jahun ta Jigawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki. A Kano akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wato ciwon nan da ke cinye kumatu da leɓe (sunan cutar ke nan, ba noman gona ba), inda ake gyaran fuska kyauta. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, ƙungiyar Smile Train na biyan kuɗin aikinsa a asibitocin da take hulɗa da su. Aikin yanar ido kuma ana yawan shirya shi kyauta ko da rangwame, ta hannun gwamnatocin jihohi da gidauniyoyi irin su Al-Basar mai asibitin ido na Makka.

Abin da zan ƙara shi ne, a irin aikin gayya na 'yan siyasa da ake yi wa ɗaruruwan mutane cikin kwana uku, a tambayi wa zai duba mutum bayan tawagar ta tafi.

Inshorar lafiya tana biyan kuɗin aiki?

Tana biyan ayyukan da aka fi yi, irin su aikin haihuwa da afendis da ƙaba, idan mutum ya yi rajista tun kafin ciwon. An ƙaddamar da tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005, amma ya daɗe bai wuce ma'aikatan tarayya ba. A tsarin ma'aikata yana ɗaukar mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wanda kowa ya san bai yi daidai da girman gidajenmu ba, sauran sai an ƙara musu kuɗi. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta mayar da inshorar wajibi a kan kowa. Duk da haka waɗanda ke ciki ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba.

Jihohi ma suna da nasu: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, da makamantansu, kuma ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu zai iya shiga ya riƙa biya shekara-shekara. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa, wanda ake yi wa marasa galihu rajista kyauta da shi ta asibitocin mazaɓu.

Abu uku ke ba mutane mamaki. Akwai lokacin jira bayan rajista kafin kati ya fara aiki, don haka wanda ya yanka yau don aikin jibi ya makara. Sai an turo ka daga asibitinka na farko da lambar amincewa kafin babban asibiti ya karɓe ka, kuma wannan lambar kan ɗauki lokaci. Sannan manyan ayyuka irin dashen ƙoda ba su cikin abin da ake ɗauke wa mutum gaba ɗaya.

Masu tambayar halaccinta kuma, malamai da dama sun bambanta inshorar kasuwanci da tsarin da jama'a ke tara kuɗi don taimakon wanda ciwo ya kama a cikinsu. Shi ya sa a Kano ake kiran hukumar da sunan taimakekeniya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

Likita ya ce ba gaggawa ba ne. Zan iya jira har in tara kuɗi?

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari in ɗan daɗe.

Wasu ayyukan suna jira. Maƙoƙon da ba ya hana numfashi ko haɗiya, ƙarin mahaifar da ba ya zubar da jini da yawa, gwaiwar ruwa, yanar ido: waɗannan ana iya sa musu rana, a yi adashi, a jira kaka. Amma a tambayi likita ƙarara: wata nawa zan iya jira, kuma wace alama zan gani in taho ko da tsakar dare ne?

Kawun nan nawa da na ambata, ƙaba ce da shi. An faɗa masa kuɗin aiki, ya ce bari a gama damina. Damina ta wuce, aka yi bikin 'yarsa, wata daminar ta shigo. Kullum idan ta fito sai ya kwanta ya mayar da ita da hannu, ya ɗaure da ƙyalle ya tafi gona. Wata rana da la'asar ta fito ta ƙi komawa, ciki ya kumbura, amai ya fara. Da aka buɗe sai da aka yanke wani yanki na hanjin da ya mutu. Aikin da a da kwana biyu zai yi a sallame shi ya koma kusan mako uku a gado, da ƙarin jini, da ciwon da ya yi ruwa. Bijimin huɗar da yake ƙin sayarwa shi aka sayar, aka haɗa da tumakin matarsa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma daminar da ta biyo baya da aron shanu ya yi huɗa.

Haka taifot take yi wa yara. Zazzaɓi ya yi mako biyu ana sayen magani a kemis, sai hanji ya huje, sai aikin gaggawa, wani yaron ma a fito masa da hanji ta gefen ciki na wasu watanni, sannan a sake wani aikin a mayar. Kuɗi biyu ke nan. Haka ƙullutu a nono: wanda za a cire da wuri, idan aka tsaya shafe-shafe da tofi shekara guda, sai ya zama maganar cire nono da allurai da gashin na'ura.

Karaya ma haka. Ba na raina masu ɗori, akwai karayar da suka iya tun kaka da kakanni. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda aka ɗaure tamau har yatsu suka yi sanyi suka fara baƙi, wannan ta asibiti ce a ranar. Likitocin asibitin ƙashi na Dala sun sha ganin yaran da aka kawo bayan hannu ya riga ya ruɓe, babu abin da ya rage sai yankewa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai wani ƙaramin asibiti a unguwarmu da ya ce zai yi a rabin kuɗin. In je?

Araha ba ta ado. Akwai ƙananan asibitocin kuɗi masu kyau, akwai kuma ɗakunan da wanda ba likita ba ke yanka mutane. A tambayi sunan wanda zai yi aikin da ko yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Wa zai ba da allurar barci ya tsaya a kan mara lafiya? Akwai iskar shaƙa? Idan jini ya ɓalle ina za a samo? Idan abu ya rikice ina za a tura shi? A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, kuma ta sha rufe na bogi. Aikin gyaran ɓarnar wani ya fi aikin farko tsada.

Jini fa? Me ya sa ake biya alhali mu muka bayar?

Abin da ake biya kuɗin leda ne da gwajin cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta, da gwajin dacewa da jinin mara lafiya. Sayar da jini kansa doka ta hana, duk da cewa masu yi suna nan a bakin ƙofar asibiti. Idan aikin na sa rana ne, a tara 'yan uwa da abokai masu lafiya tun kwana biyu kafin ranar. Ya fi araha, ya fi aminci.

Dole sai mun nemo kuɗi. Me za mu fara taɓawa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga ra'ayina. A fara da abin da ba ya kawo abinci: waya mai tsada, kayan ɗaki, ɗan kunne, ragon da ake kiwo don salla. Abin da ake ci da shi, wato gona, keken ɗinki, babur ɗin haya, shanun huɗa, shi ne na ƙarshe, domin wanda aka sallama yana buƙatar abin da zai koma wa. Idan ta kama sai gona, jingina ta fi sayarwa, kuma a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Dillalai suna gane mai sayarwar dole daga tafiyarsa, don haka a tura wanda hankalinsa ke kwance ya yi ciniki.

A nemi uwar adashi ta ba da kwasar gaba. A faɗa wa dangi adadin da ake nema ƙarara, domin "a taimaka da abin da ya sawwaƙa" ba ya tara kuɗin aiki. Bashin manhajojin waya kuwa a guje shi: ga ruwa mai yawa cikin kwanaki kaɗan, ga tona asiri ga duk wanda ke cikin wayarka idan ka makara.

Zakka ma hanya ce, kuma ba roƙo ba ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu haƙƙi. Jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma taimakon marasa lafiya na cikin ayyukansu. A je da takardar asibiti mai hatimi.

Neman taimako a rediyo ko Facebook fa?

Yana aiki, an ceci rayuka da shi. Sai dai 'yan damfara sun ɓata hanyar, har mutane sun fara ɗari-ɗari. Wanda zai nema ya nuna takardar likita da adadin kuɗin, in da hali a biya kai tsaye a asusun asibiti, idan kuɗi ya cika kuma a fito a ce ya cika. A nemi izinin mara lafiya kafin a watsa hotonsa. Mace ba ta rasa mutuncinta don tana kwance, kuma hoton da ya shiga intanet ba ya fita.

Ba gara mu fita waje ba, Indiya ko Masar?

Ga mai hali, kuma ga aikin da ba a yi a gida, to. Amma a fara tambaya a asibitin koyarwa, don abubuwa da yawa da ake tafiya dominsu ana yin su a nan. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Wanda zai fita ya lissafa da dala: biza, jirgin mutum biyu ko uku, masauki na makonni, tafinta, da kason ɗan tsakiyar da ya haɗa tafiyar, wanda sau da yawa a cikin kuɗin asibitin yake ɓoye. Sannan idan an dawo, wa zai ci gaba da dubawa? Mai dashen ƙoda zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, kowane wata, kuma wannan kuɗin ne ke kayar da gidaje bayan an gama murnar dawowa.

An sallame mu. Saura me?

Saura wankin ciwo, cire zare, magungunan gida, da komawa ganin likita. A ware kuɗin motar waɗannan tun kafin a kashe na hannu a kan 'yan dubiya da lemo. Wanda aka yi wa aikin ciki ba zai ɗauki kaya mai nauyi ba na wasu makonni, don haka idan ɗan dako ne ko manomi, gidan na buƙatar abinci na wannan tsakanin. Idan ciwon ya fara ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya taso, ko ciki ya kumbura, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar, kada a tsaya a kemis.

Takardar sallama da sakamakon gwaje-gwaje da rasit duka a haɗa su a leda ɗaya a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Matar da aka yi wa aikin haihuwa ta tafi da tata takardar ranar da za ta fara awon ciki na gaba, kuma wannan cikin a asibiti za ta haife shi.